Takalmin Gwadabe Tela

Ku matso ku raba mini gardama. Gwadabe tela ya sha bugun ƙirji a majalisa cewa abu biyu ba su isa su razana shi ba, yaji da allura. "Cikina tukunyar ƙarfe ce, allura kuwa da ita nake cin tuwo." Alhali ƙarƙashin kekensa na ɗinki kwalaben maganin olsa ne jere kamar 'yan kallo. Shekara uku yana sha yana ramewa, har ƙafarsa ta daina jin fedar keke. Tela kuwa in ƙafa ta mutu, sana'a ta bi ta.

Jatau mai shayi ne ya fara lura. Ya ga Gwadabe ya yi taku goma, takalminsa ɗaya na gindin benci bai sani ba. Harshensa kuma ya yi ja sumul, shayi mai ɗumi ma ƙona shi yake. Jatau ya ce, "Olsar da na sani ba ta sauka ƙafa." Ya hana kowa sakat da maganar.

Barau direba ya san ko da igiya mutumin ba zai je asibiti ba. Sai ya ce masa wani likita a birni na neman tela ya auna shi, kaftani biyar. Gwadabe ya rataya tef a wuya, ya faɗa mota. Wanda ya je awo, shi aka auna.

Saura ƙiris a sallame shi da maganin olsa irin na kullum, sai Inuwa, abokinsu mai gwajin jini a asibitin, ya ga ƙwayoyin jininsa sun yi ɓula-ɓula, ya bi likita har ofis. Aka zura kyamara ta baki, aka gutsuro ɗan nama daga tumbi. Ashe kumburi ne wanda ba a cika gani ba: jiki ne da kansa ke yaƙar tumbi, har ya kasa tsotsar sinadarin da jini da jijiya ke bukata. Maganinsa allura, lokaci-lokaci.

Wata uku keke ya dawo kuka. Gwadabe ya ɗinka babbar riga guda ta godiya, ya zo majalisa yana cika baki: "Allurar? Ni na koya wa nas riƙonta."

Inuwa ya zaro takalmi ɗaya daga leda. "Malam tela, ɗakin allura ka bar shi jiya. Wannan karon ƙafar ƙalau take, gudu ne ya cire shi."

To jama'a, riga ɗaya ce. Wa za a rataya wa, mai shayin da ya gani, direban da ya kai, ko wanda ya gano?