Ƙorai Huɗu Daga Dutsen Barkusu

A wani zamani mai nisa, tun ana ganin aljanu ido da ido, an yi Sarki Jatau a Birnin Kurmasa, wanda Allah ya ba shi mulki, ya kuma jarrabe shi da wata cuta mai kama 'ya'yansa. A taskarsa akwai tuluna goma a jere, ɗaya magani, tara ajali, kuma babu wanda ya san na maganin sai Barkusu, wani aljani bebe da ke ɗaure a kan dutse, tafiyar kwana bakwai. In an tambaye shi, sai ya zuba ruwa a ƙwarya mai zane goma, inda ruwan ya tsaya shi ne lambar tulun. Duk wanda ya sauko daga dutsen kuwa mantawa yake da abin da ya gani, rubutu ma gogewa yake.

Da ciwon ya kama Yarima Maikano, ƙwarya ta iso da ruwa a zane na biyar. Aka ba shi tulu na biyar. Wayyo, ko azahar bai kai ba.

Shekara na zagayowa Gimbiya Tasalla ta kwanta, ita kaɗai ta rage. Sai wani mai sayar da ruwa, Tanimu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarata goma ina ɗaukar ruwa, ban taɓa kai shi yadda na ɗebo ba. Rana ta sha, hanya ta zubar, sama ta ƙara. Wa zai rantse a kan zane? Amma cike da wofi, ko makaho ya taɓa ya sani. A ba ni ƙorai huɗu: ta fari lissafinta ɗaya, ta biyu biyu, ta uku huɗu, ta huɗu takwas. Aljani ya cika waɗanda ya so, mu haɗa lissafinsu, mu sami lambar tulun."

Sarki ya ce, "Tafi. In ta mutu, ka bi ta."

Tanimu ya je, Barkusu ya zuba. A kowane zango, ƙwaryar da ta haura rabi sai ya cike ta, wadda 'yan ɗigo suka faɗa wa ya kife ta. Ya iso da ta biyu da ta uku cike. Biyu da huɗu, tulu na shida ke nan.

Tasalla ta sha, ta miƙe, aka ɗaura mata aure da Tanimu. Ana ta algaita a ƙofar fada, Sarki yana can kan kabarin Maikano, yana cewa, "Ɗana, ka yafe mini. Maganinka na gefen wanda na ba ka."