Ƙishirwar Murtsunguwa

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai son a ce da shi adali, har son ya yi masa yawa. A lambunsa ma doka ya kafa, kowace shuka tulu guda na ruwa kullum, babba da ƙarama, kada wata ta ce an fifita wata.

A kusurwar lambun akwai wata murtsunguwa, ƙayar sahara, gajeruwa, kawunanta curi-curi a cunkushe, uwa a tsakiya 'ya'ya sun kewaye ta. Mahaifiyarsa ce ta zo da ita cikin akushi daga ƙasarsu ta rairayi ran da aka kawo ta amarya. Tun da ta rasu, ba abin da ya rage masa nata sai wannan ƙaya, yana kuwa sonta ƙwarai.

Ana nan sai kawunan suka fara yin rawaya, suna laushi, suna ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Sarki ya shiga damuwa. Rannan da azahar barci ya ɗauke shi a inuwar lambun, ya ga mahaifiyarsa tana tafe a kan tuddan yashi, sararin sama fari fat, amma zanenta sharkaf yana ɗiga. Ta dube shi ta yi magana, ta wuce. Ya farka da kalmar ƙishirwa a kunnensa, nan take ya ce a ninka wa murtsunguwar ruwa. Kai, ka ji gyara! Kafin wata ya juya, kai ɗaya tak ya rage da rai.

Sai aka ba shi labarin wani dattijo mai ilmi, Shehu Agali, da ya sauka tare da ayarin gishiri. Aka kira shi. Ya tsuguna ya danna gindin da yatsa, ruwa mai wari ya tsattsafo. Sarki ya ba shi labarin mafarkin, ya ce ya yi iyakar yinsa, uwarsa ta yi kukan ƙishirwa ya shayar da ita.

Shehu ya ce, "Ya sarki, faɗa mini lafazinta yadda ya fito, kada ka ƙara kada ka rage."

Sarki ya ce, "Cewa ta yi, ɗana, ba ni ƙishirwa."

Shehu ya yi murmushi. "Allah ya ja zamaninka, maganar nan fuska biyu gare ta. Ko dai ta ce ba ta jin ƙishirwa, ko kuwa ta roƙe ka ka ba ta ƙishirwa. A cikin biyun, wacce ce ta ce a kawo tulu?"

Sarki ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi, baƙin ciki ya fi kunyar.

Shehu ya zare wuƙa ya yanke kan da ya rage daga ruɓaɓɓiyar uwar, ya ajiye shi a inuwa, ba ƙasa ba ruwa, ya ce a bar shi sai bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Bayan haka a ɗora shi a kan yashi da tsakuwa, inda rana ke dukansa, kada a shayar da shi sai ƙasar ta bushe ƙayau. Da ayari ya tashi, Shehu ya bi su.

Wallahi ba yaƙin da ya taɓa wahalar da sarkin nan kamar wannan jira. Kullum sai ya zo da buta a hannu, ya tsaya, ya koma da ita cike.

Da bazara ta kai ƙarshe, ya tarar da ɗan kan ya kama ƙasa, ga wasu ƙanana sun ɓullo a gefensa, a samansa kuma fure ja, launin zanen da mahaifiyarsa ke ɗaurawa. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, fadawa na kallo, bai damu ba.

Ranar ya soke dokar tulu, ya ce, "Na auna wa kowa da mudu ɗaya, na kusa kashe abin da na fi so. Adalci shi ne ka ba kowa abin da zai rayu da shi."