Binnen Gafiya a Gonar Bushiya

An yi wata Bushiya a gefen wani daji, mai ƙwazon noma amma matsoraciya ta gaske. Ko ganye ne ya faɗo kusa da ita, sai ta dunƙule. Gonar da ta gada ruwa ya zaizaye ta har ta koma kwazazzabo, ga 'ya'ya huɗu suna jiran abin da za su sa a baki.

Maƙwabciyarta Gafiya kuwa gonaki biyu gare ta. Ɗaya tana nomawa, ɗayar ta yi shekaru a yashe, ta cika da kututture da ƙaya. Ita Gafiya haɗama ce ta yi mata yawa. In ta ga abu mai kyau a hannun wani, ranar ko abinci ba ya yi mata daɗi.

Wata rana da kaka, Bushiya ta daure ta je ta yi sallama.

"Yaya Gafiya, aron gonar nan taki da ke yashe na zo nema. Zan share ta, in cire kututturen, in zuba taki. Ki bar ni in noma damina uku, sannan in mayar miki da ita a raye."

"Wannan kangon? Ɗauki mana!" in ji Gafiya. "Damina uku, na yarda."

"To, wa zai zama mana shaida?"

Gafiya ta waiga hagu, ta waiga dama. Ga maƙwabta nan birjik, amma ta tsallake su duka, ta ɗaga kai sama. Shamuwa ce a kan kuka tana ɗaure kayanta, don lokacin ƙaurarta ya yi. Gafiya ta ce, "Ga shaida nan. Shamuwa, kin ji dai, damina uku."

"Na ji, na kuma riƙe," in ji Shamuwa. Kashegari ta tashi ta yi kudu.

Kai, Bushiya ta sha wahala a ranin nan! Ta sare ƙaya, ta tone kututture ɗaya bayan ɗaya har tafin hannunta ya yi kanta. Ta yi ta jigilar kashin shanu a ɗan kwando daga inda makiyaya suka tashi. Kafin bazara, ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi, kowa ya wuce sai ya tsaya ya duba.

Gafiya ma ta wuce, ta tsaya, ta daɗe tana dubawa.

"Sannu da aiki, ƙanwata. Yanzu sai ki kwashe fartanyarki. Bana ni zan noma abata."

"Haba Yaya! Damina uku fa muka yi da ke!"

"Da wa? Ni? Cewa na yi ki ɗan taya ni shara. In kina da shaida, kirawo ta mu gani!" Ta kece da dariya, ta yi tafiyarta tana karkaɗa wutsiya.

Bushiya ta dunƙule a bakin gona, ta yi kuka har ta gaji. Da ta warware, zuciyarta ta riga ta ɗauki zafi. Ta shiga daji ta karkaɗo ƙoƙo guda na irin ƙuduji, muguwar ciyawar nan da ke shanye gero tun daga saiwa. Ta ce, "In ban ci ba, ita ma ba za ta ci ba."

Ta zo kan iyaka, ta ɗaga ƙoƙon. Sai hannu ya ƙi. Ta dubi ƙasar da ta yi wata biyar tana lallashi, ta ce, "Ke kuma me kika yi mini?" Ta rufe ƙoƙon ta ɓoye shi a gindin wani dutse, ta nufi kotu.

Alƙalin dajin Burtu ne, yana zama a gindin tsamiya. Ba ya gaggawar tafiya, ba ya gaggawar hukunci. Ya sa aka kai wa Gafiya sammaci. Da aka taru ya yi gyaran murya, muryar nan tasa mai kamar ganga, sai Bushiya ta dunƙule tsaf.

Aka fara dariya. Alƙali ya zare ido, wuri ya yi tsit. Ya jira, ya jira, sannan ya ce a hankali, "Warware, baiwar Allah. Nan ba a cin kowa. Faɗi abin da ya kawo ki."

Wallahi daɗin da maganar nan ta yi wa Bushiya ba ya faɗuwa. Ta warware ta zayyana komai, daga kaka har zuwa ranar.

"Ƙarya take yi, Allah gafarta Malam!" in ji Gafiya. "Ni ban yi alkawarin komai da ita ba."

"Mai ƙara, kina da shaida?"

"Shamuwa ce, Allah gafarta Malam. Amma ta yi ƙaura."

"Wanda ya yi ƙaura ai yana dawowa," in ji Alƙali. "Na ɗage shari'a sai ta iso. Kafin nan, kada wadda ta taɓa gonar a cikinku. Kun ji?"

Duka suka ce sun ji.

To, ga abin da Gafiya ta ƙulla tun farko. A dajin nan akwai al'ada: in iri ya shiga ƙasa, ba a tone shi. Ta yi lissafin ruwa zai riga Shamuwa zuwa, ta shuka, magana ta ƙare. Da ta ga kotu ta tare mata hanya, sai ta ƙi jiran ruwan ma. Da tsakar rana, kowa na fakewa a inuwa, ta kwaso irin geronta kaf ta yi binne, wato ta shuka shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ɗaya gonar tata da ta saba nomawa kuwa ko shara ba ta yi mata ba.

Sai dai mai kwana a rami ba ta san sha'anin sama ba. Shamuwa ba ta bin bayan ruwa, gabansa take zuwa.

Bushiya kullum idonta na kan kuka. Hadari na haɗuwa yana watsewa, ta kuma san in ruwan shuka ya wuce ta, 'ya'yanta sun shiga uku. Ran nan da hantsi sai ga baƙar tsuntsuwa mai fari a ƙirji ta sauka a kan reshe. Bushiya ta ruga tana tuntuɓe.

"Sannu da zuwa, Shamuwa! Kin tuna?"

"Damina uku," in ji Shamuwa, tun ba ta kwance kaya ba. "Mu je."

A gaban Alƙali, Shamuwa ta faɗi ranar, ta faɗi wurin, ta ƙara da cewa Gafiya ce da bakinta ta zaɓe ta shaida. Gafiya ta ga asiri ya tonu, sai ta miƙe tana huci.

"To, ko da an yi alkawarin, ai an makara! Na riga na yi binne. Irina kaf yana cikin gonar, kuma al'ada ta hana a tone!"

"Yaushe kika yi binnen?" in ji Alƙali.

"Shekaranjiya!"

"Bayan na ce kada a taɓa gonar ke nan?"



"Kin yi gaskiya, ba a tone iri," in ji Burtu. "Ba kuwa za a tone ba. Gona ta Bushiya ce har damina uku, kamar yadda kuka yi alkawari. Abin da kika zuba a ciki bayan kotu ta hana, zai tsiro wa mai gona. Na yanke."

"Wayyo irina! Ni me zan shuka?"

Tun ba a bar gindin tsamiya ba aka fara yayyafi. Kafin la'asar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Kwana huɗu, gero ya fito layi-layi a gonar Bushiya. Gafiya kuwa ta yi daminar tana tsintar abin da za ta ci, gonarta ciyawa har wuya.

Da kaka Bushiya ta ɗauki dami mafi kyau ta kai wa Alƙali tana ta godiya. Ya girgiza kai. "Mayar da abinki. Ba alfarma na yi miki ba, hakkinki ne." Ta kai wa Shamuwa, ita ma ta yi dariya ta ce fara take ci, ba gero ba. Bushiya ta rasa inda za ta kai godiyarta, hawaye ya cika mata ido.

Sai ta sussuke damin, ta cika ƙwarya, ta aje a ƙofar ramin Gafiya. "Yaya, ga iri. Baɗi ki shuka a taki gonar." Gafiya ta karɓa, ta kasa ɗaga kai.

A hanyar gida Bushiya ta biya gindin dutsen nan, ta ciro ƙoƙon ƙudujin ta jefa a wuta. Ta tsaya tana kallon rumbunta cike. Ashe da ta watsa shi ran nan, da gonar 'ya'yanta ta kashe da hannunta. Ta ce, "Alhamdu lillahi da ƙafata ta kai ni gindin tsamiya."

Darasin wannan labari shi ne, in wani ya saɓa alkawarin da kuka ƙulla, kada fushi ya sa ka ɓata abin da kuke jayayya a kai. Ka nemi shaidarka, ka kai ƙara, ka yi haƙuri a saurari kowa. Wanda kuma ya ci amanar yarjejeniya, ya ƙara da raina umarnin kotu, har abin da yake nasa na halal yana iya rasawa.