Sallamar da ta fito daga cikin dutse

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Dutsin-Ma mai suna Alhaji Mamuda. Asalinsa mutumin Barkiya ne ta ƙasar Kurfi, can aka yanke masa cibiya, can ya yi kiwon awaki ba takalmi. Da Allah ya buɗa masa, sai ya gina gida mai doguwar katanga a bayan gari, ya ware fili ya yi lambu. Ciyawa a shimfiɗe kamar darduma, ga furanni, ga mangwaro, ga 'yar rumfa ta shan iska. Daga nan ya je ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Zinariya, ya ce wahalar ƙauye ta isa haka nan.

Mamuda yana son uwarsa, wannan ba a ja. Amma tunda aljihu ya yi nauyi, sai mutanen garinsu suka fara yi masa nauyi su ma. Su zo ba sanarwa, su tattake ciyawa, su tofar da goro a kan tayil, su zauna har la'asar. Don haka ya ja maigadi gefe ya ce duk wanda ya zo daga ƙauye a gaya masa Inna tana hutawa.

Inna kuwa ta huta, har hutun ya fara cinye ta. Matar da a Barkiya ake jiyo dariyarta daga bakin rijiya, ta koma sai ta wuni a rumfa ba ta ce uffan ba. Tuwo ya zo, tuwo ya koma. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba.

Wata safiya Mamuda ya durƙusa gabanta. "Inna, don Allah mi ke damunki?"

Shi ne ɗan fari, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Ba komi, Alhaji. Gidan ne shiru. Ko zakara ba ya cara a nan."

Ai kuwa sai ya ji sanyi a ransa. In dai shiru ne ciwon, to sauti ne maganin, sauti kuwa ana sayar da shi a kasuwa.

Ya kira Mutawakkil, mai haɗa lasifika a gidajen biki da masallatai. Mutawakkil ya zagaya lambun, ya kawo wasu lasifikoki da aka ƙera kamar duwatsu, waɗanda ruwan damina ba ya yi musu komai. Ya haƙa siririn rami a gefen ciyawa, ya zura waya cikin bututun roba saboda gara da ɓeraye, ya binne. Ya ajiye dutse ɗaya a gindin mangwaro, ɗaya cikin furanni, sauran a jikin katanga, duk suna fuskantar rumfar Inna. Ya haɗa su da batirin sola don kada ɗauke wuta ta katse su. In ba an gaya maka ba, sai ka zauna a kan ɗaya ka ɗaure takalmi.

"Mi za a sa, Alhaji? Karatu ko wa'azi?"

"Barkiya za ka sa mani," in ji Mamuda.

Ya tura shi tsohon gidansu, inda dangi suke zaune har yanzu. Mutawakkil ya ajiye wayarsa a kan katangar tsakar gida tun da sassafe, ta naɗi duk abin da safiya ta zo da shi.

Ranar da aka kunna, Inna tana zaune tana jan carbi. Sai zakara ya yi cara daga gindin mangwaro. Ta ɗaga kai. Sai kukan zabbi, sai ƙarar guga yana dukan bakin rijiya, sai shanu suna fita kiwo. Can sai daka ya tashi, tabarya biyu suna amsa wa juna.

"Wanga turmina ne," in ji ta a hankali. "Na ƙirya. Ubanka ya sassaƙa shi shekarar da aka haife ka."

Mamuda da kansa sai da idonsa ya ciko. Ya tuna ƙamshin kunun tsamiya, ya tuna yadda yake laɓewa bayan rumbu in an ce ya kai awaki daji. Ya ga uwarsa tana murmushi, abin da ya daɗe bai gani ba, ya ce a ransa aiki ya yi kyau.

Sai wata murya ta fito daga cikin furanni: "Salamu alaikum, masu gida kun tashi lafiya?"

Muryar Rekiya ce, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, wadda kullum safiya take shigowa ɗiban wuta.

Inna ta miƙe zumbur har carbin ya faɗi. "Wa alaikumus salam. Rekiya, ke ce? Shigo mana. A kawo tabarma, a kawo ruwa." Ta nufi furannin tana gyara mayafi, tana leƙe. Ba kowa. Can cikin lasifikar wata mata ta amsa wa Rekiya, suka ci gaba da gaisawarsu, ba ruwansu da tsohuwar da ke tsaye.

Mamuda ya yi mata bayani. Ta saurara har ya gama, ta koma ta zauna.

Kullum sautin yana zagayowa, kullum Rekiya sai ta yi sallama. Da farko Inna takan amsa ƙasa-ƙasa, don ba a yi wa Musulmi sallama ya yi shiru. Daga baya ta daina. Abinci ma da take ɗan taɓawa ta bar shi gaba ɗaya. Tsoro ya kama Mamuda sosai, don ya ga uwarsa tana tafiya a gaban idonsa.

Ya ɗauki mota shi kaɗai ya kama hanyar Kurfi, ya sauka kan burji har Barkiya. Ya tarar da Rekiya tana sussukar gero. Ya durƙusa ya gaishe ta.

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Mamuda, ni na goya ka a bayana. Na zo gidanka ranar kasuwa da daddawa da kuka, aka ce mani tana hutawa. Na sake komawa, aka ce tana hutawa. Tau, sai na ce ko ta manta da mu."

Kunya ta rufe shi, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Gwaggo, laifina ne, ba nata ba. Ki yi wa Allah ki taso mu tafi."

Da suka iso, da hannunsa ya buɗe ƙofar gidan. Inna tana rumfa, ta ba su baya. Rekiya ta tsaya bakin ciyawa da ƙullin kayanta a ka.

"Salamu alaikum, masu gida."

Inna ba ta motsa ba.

Rekiya ta sake yin sallama. Inna ta girgiza kai, ba ta ko waiwayo ba, ta ce, "Alhaji, don girman Allah kashe abin nan. Zuciyata ta gaji."

Hawaye suka zubo wa Mamuda. Shi ya kai uwarsa ga jin muryar aminiyarta ta ƙi amsawa.

Rekiya ta sauke kayanta, ta taka ciyawar nan da ƙafafunta masu ƙura, ta je ta dafa kafaɗar Inna. Inna ta kalli hannun, ta kama shi da nata biyu ta riƙe gam, sannan ta amsa sallamar.

Darasi: Iyayenmu ba ƙarar gida suke kewa ba, mutanen da za su yi wa magana su amsa suke kewa. Kada wadata ta sa ka rufe musu ƙofar waɗanda suka rayu da su, don babu na'urar da za ta maye gurbin ɗan Adam. Ku tura wa duk wanda Allah ya bar masa tsoho a gida, wataƙila yau ya buɗe ƙofa.