Gawayin Matatar Mai da 'Ya'yan Inna Kande

Ku zauna ku ji, in na gama gardamar taku ce, ni na gaji.

Sahabi da ƙannensa biyu, Ladidi da Tanimu, 'ya'yan Inna Kande, kamfani ɗaya suke aiki. Ƙanzon da ke saura in an tace ɗanyen mai, wanda ake mayarwa gawayi, shi suke sayowa daga matatar mai su gasa a tanderu, su sayar wa masu narka alminiyam.

Wata shekara gawayin ya lalace. Da kamar soso yake zuwa, yanzu sai ƙwalaye kamar tsakuwa, in an gasa ya tsattsage. Masu saye suka dawo da kaya, aka fara maganar rufe kamfani. Sahabi ne mai tanderu, kowa shi yake harara.

Ladidi tana ɗakin gwaji. Ta yi ta aune-aune har idonta ya yi ja, ta gano laifin ba na wuta ba ne. Matatar ce ta koma tace ɗanyen mai mai nauyi, mai yawan farar wuta. Ba don ita ba, da har yau tanderu ake gyara.

Tanimu direba ne. Ya bi matatu yana roƙo, azumi a bakinsa, taya na fashewa, har ya samo gawayin mai marar nauyi. Sai dai bai kai rabin abin da ake so ba.

Sahabi ya gauraya mai kyan da marar kyan, yana rage wuta yana ƙarawa, har ya dace da gashin da bai tsage ba. Hayaƙin ya bar masa tarin da bai warke ba.

Masu saye suka dawo, amma ciniki ya ragu. Manaja ya ce za a rage ma'aikata, gida ɗaya mutum ɗaya, su je su zaɓa.

A tsakar gida Tanimu ya ce, "Yaya, kai da tarin nan ai hutu ya kama ka."

Sahabi ya ce, "Hutun zan dafa wa yara?"

Ladidi ta ce, "Ni dai na lura ba wanda ya kalle ni."

Inna Kande ta ja tabarmarta ta shige ɗaki. Sahabi ya zauna yana tari, gobe manaja ke jiran suna.

To, ku da kuke da ƙarfin magana, wa ya fi cancanta ya riƙe aikin nan?