Aljanar Cediyar Makaranta

Ku matso ku kasa kunne, yau sai kun yanke mini hukunci.

A harabar wata sakandare ta jeka-ka-dawo akwai tsohuwar cediya, a cikinta wata aljana take zaune. Ta girmi kakannin malaman, amma a wurin danginta budurwa ce ɗanya. Kullum daga reshe take kallon ɗalibai tana mamaki. Ta ga yarinya tana kuka saboda ƙurji ɗaya a goshi. Ta ga saurayi ya gyara murya zai burge, muryar ta fashe masa, aka kwashe da dariya, shi ma ya taya. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne mutum biyu su rantse da safe sun shiga gaba har abada, kafin a tashi suna cin awara a leda ɗaya. Su aljanu, gabarsu takan ci ƙarni.

"Waɗannan masu gajeren kwana, ina suka samo wannan faɗin zuciya?" in ji ta. Sai ta rikiɗa, ta sa yunifom, ta shiga aji a matsayin sabuwar ɗaliba mai suna Marka.

Ta yi abokai uku. Akwai Kubra, wadda ta hango kofato a ƙarƙashin siket ɗin Marka wajen alwala, sai Marka ta gaya mata komai, ita kuma ta rantse ba mai ji daga bakinta. Akwai Tasi'u mai in'ina, wanda ko an kira sunansa a aji sai ya sunkuyar da kai. Sai Dela mai tsiwa, wadda mahaifiyarta ta daɗe tana fama da ciwon iska, har ba a ambaton aljani a gidansu.

Ran nan da hantsi masu inji suka zo sare cediyar, za a gina ɗakin gwaje-gwaje a wurin. Inji na taɓa kututture, Marka ta ji kamar haƙarƙarinta ake yanka, ta faɗi. Aji ya ɗauka farfaɗiya ce.

Kubra kaɗai ta gane. Ta ja Tasi'u da Dela gefe ta ce, "Na rantse, amma yau zan karya. Marka aljana ce, ranta yana cikin cediyar nan. In ba a dasa reshenta a gidan da aka yarda da ita ba, ta mutu." Marka tana kwance tana ji, ta san zamanta a aji ya ƙare.

Tasi'u ya ratsa masu inji, ya haye cediyar, dole suka kashe injin. Shugaban makaranta ya zo yana tsawa, ɗalibai suka yi cincirindo. "B-ba zan sauko ba, Malam," in ji shi, "sai na g-gama." Ya karya reshe mai lafiya ya jefo. Da ya sauko aka zane shi a gaban kowa, aka dakatar da shi, jarrabawar zangon ta wuce shi. Cediya ta faɗi, Marka ta ɓace, sai hijabinta a ƙasa.

Dela ce ta cafe reshen. Ta ruga gida ta durƙusa gaban mahaifiyarta. "Inna, ki bar ni in dasa reshen nan. Na aljana ne, amma ƙawata ce. Ba irin waɗanda suka wahalar da ke ba ce." Inna ta juya mata baya, ta daina amsa gaisuwarta, amma ba ta hana ba. Dela ta dasa reshen a ƙofar gida, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ta yi ta ba shi ruwa duk tsawon rani har ya yi toho.

A cikin tohon nan Marka ta farfaɗo. Amma dokar danginta ita ce, wadda asirinta ya tonu ba ta ƙara bayyana ga ɗan Adam, sai mutum ɗaya tak. Shi za ta gaya wa sunanta na gaskiya, duk sanda ya kira ta amsa, har ƙarshen ransa. Kubra, wadda Marka ta gaya wa dokar tun farko, ta sanar da sauran. Su ukun suka zo suka zauna gindin ɗan itacen, kowa yana cewa a ba ɗan uwansa sunan, ita kuma Marka tana kallonsu ta rasa zaɓi.

To, ku da kuka ji, tsakanin Kubra da Tasi'u da Dela, wa ya kamata Marka ta gaya wa sunanta?