A-kori-kurar da Ta Ƙi Hawa Tudu

An ce wai an yi wani Sarkin Tasha a garin Kwarin Gamji, ana kiransa Nomau. Ya yi tuƙi tun yana saurayi har idanunsa suka dushe, daga bisani suka rufe gaba ɗaya. Duk da haka direbobi suka ƙi yarda a sauke shi, domin ba a taɓa kai masa rigima aka tashi da sauran ƙorafi ba.

A zamaninsa akwai wani direba mai suna Jatau, wanda ke jan a-kori-kurar Alhaji Mani, falken albasa. Hanyar kasuwar da suke kai kaya ta bi ta kan wani dogon tudu, kuma Jatau ya daɗe yana hawansa lafiya. Ana nan sai motar ta tsiri wani hali. In babu kaya sai ta yi ta gudu ba gargada, amma da zarar an loda mata buhuna ta kama tudun, sai ta fara fizga, ya taka totur ta ƙi amsawa, har ta mutu a tsakiyar hawa. Sai ta huta ta huce sannan ta yarda ta ja jiki, kafin su isa kasuwa ta watse, albasa ta sha rana.

Aka kai ta gareji. Makanike ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya sa sabuwar matatar mai, ya buɗe tanki ya shinshina fetur. Ya tayar da inji, kowa ya ji yana kaɗawa sumul. Ya ce shi bai ga ciwo ba. Washegari ta sake mutuwa a kan tudu.

Daga nan Alhaji Mani ya tsaya a tsakiyar tasha, a gaban jama'a, ya ce ya gane ciwon motarsa: Jatau ne ke zuƙe fetur a hanya yana cikawa da kananzir. A dokar tashar kuwa, wanda aka kama da irin wannan ba ya ƙara riƙe sitiyari a garin. Jatau ya rantse har muryarsa ta dishe, amma ba shi da shaida, inji kuma ba ya magana. Abokansa suka rage zama kusa da shi a rumfa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, shi kansa ba shi da amsar da zai bayar in an tambaye shi me ke damun motar.

Aka kai magana gaban Sarkin Tasha. Tsohon ya saurari Alhaji, ya saurari makanike, ya saurari Jatau, bai katse kowa ba. Da suka gama ya ce, "Kun auna ta tana hutawa, alhali ƙararta kuke yi a kan abin da take yi in ta ɗauki kaya. Ba zan yanke hukunci a inuwa ba. A loda mata albasa kamar kullum, mu tafi inda take laifin."

Ya umarci Alhaji Mani ya sayo fetur da kansa, ya zuba da hannunsa, ya kuma zauna a gaba idonsa a kan direban. Aka kama hannun tsohon aka zaunar da shi a tsakaninsu, jama'a suka biyo su a kan babura.

Jatau ya tuƙa, bai ma san me zai roƙa ba. In ta hau lafiya, an tabbatar shi ne ɓarawo. In ta mutu, wa zai faɗi dalili? Suka ci tafiya mai nisa, suka kama tudu. Tsohon ya kwantar da kai gefe guda, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen gaban motar. Can sai ta fizga, ta sake fizga, ta yi tari, ta mutu.

Sarkin Tasha ya tambayi Alhaji ko ya ga Jatau ya taɓa tanki tun fitowarsu. Alhaji ya ce bai gani ba. Tsohon ya ce to rabin shari'a ya ƙare, saura a wanke motar kamar yadda aka wanke direba. Ya ce kunnensa ya gaya masa injin ba shi da ciwo, yunwa ce ke kashe shi a hankali, alhali ga mai cike da tanki.

Ya sa aka kai shi gefen motar, ya lalubo bakin tankin. Yatsunsa suka taɓa kwaɗo, suka taɓa murfi, suka tsaya a kan wata roba mai kauri da aka datse a ƙarƙashinsa. Ya tambaya ko wa ya yi wannan aiki. Alhaji ya ce shi ya sa maƙeri ya ƙera masa, tun ranar da wani abokinsa ya ba shi labarin yadda direbobi ke satar mai. Makullin ma yana aljihunsa, sai dai yana zargin Jatau ya yanko wani.

Tsohon ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit, ya ce Alhaji ya buɗe a hankali. Ana murɗa murfin sai aka ji tankin ya ja iska da wani dogon sauti, irin na mutumin da aka tsamo daga ruwa, ƙarfen ya yi ƙara ya koma daidai. Mutane suka shiga kallon juna, wasu suna salati ƙasa-ƙasa.

Sarkin Tasha ya ce, "Alhaji, murfin asali yana da ƴar ƙofa da ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. Ba kaya, shan kaɗan ne, ba a ganewa. Da kaya a kan tudu, inji na ja da ƙarfi, tanki na riƙewa da ƙarfi. Makanike kuwa duk sanda ya buɗe don ya duba, ya ba ta numfashi bai sani ba. Ka toshe hanyar ɓarawon da babu shi, ka shaƙe motarka."

Aka ɗaure bakin tankin da tsumma. Jatau ya murɗa makulli, ya sa giya, motar ta haye tudun da buhunanta ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Da ya tsaya a ƙoli ya sauko ya durƙusa a gaban tsohon don godiya.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Sarkin Tasha ya ce Alhaji ya koma tsakiyar tasha, da muryar da ya ɓata sunan Jatau, da ita zai gyara shi, sannan a mayar wa motar murfinta na asali. Alhaji Mani ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji, kuma na yarda." Ya hau babur ya koma tasha, ya cika alkawari tun kafin a sauke albasar.

Masu hankali suka ce: kada ka yanke wa abu hukunci sai ka gan shi ɗauke da kayansa, kuma kafin ka tuhumi wanda ka ba amana, ka fara duba abin da zarginka ya toshe.